Rasuwar Doguwa, Motar Malam Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tukuna, Malam Illo Mani, tsohon shofer, wato direba, na gidan kumandan, Baturen mulki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Dogon Dutsi, Tibiri, Geceme, Ɗan Kassari da Dogon Kiriya rasuwar motarsa Doguwa. Ta cika ranar Talata da azahar a ƙofar gidan likita, cikin bazarar 1967, tana da shekara goma sha shida.

An haifi marigayiya a Turai, a gidan wasu maƙera biyu, wa da ƙane, waɗanda aka ce ba su sallamar mota sai babban ya zauna a cikinta ya saurari numfashinta. Sunan da suka raɗa mata yana nan rubuce a ƙirjinta, amma bai taɓa hawa harshen Arewa ba. Ranar da ta shigo gari, baƙa wuluk, tana tafe ba hayaniya, tsofaffin 'yan bori suka ce ai aljana Doguwa ce ta sake kama ta zo a kan ƙafa huɗu. Sunan ya bi ta ke nan.

Wanda ya gan ta a ƙuruciya ba zai manta ba. Kujerunta na fata ne, allon gabanta itace ne mai sheƙi, a goshinta kuma ga wani ɗan hannu na azurfa riƙe da fitila. Ta zo da almanak mai hotonta: tana tsaye ƙofar wani babban gida, maigidan yana shirin shiga, shofer sanye da fararen kaya ya riƙe masa ƙofa. A ƙasa an rubuta da Faransanci: Domin wanda ya isa a tuƙa shi. Malam Illo ya rataye hoton a zaurensa, in baƙo ya zo ya ɗora yatsa a kan mai fararen kayan, ya ce shi ne, fatar kawai suka sauya.

Shekara tara tana hidimar kumandan. Da aka sauke tutar Turawa a 1960, Bature ya sa hannu a takarda ya bar wa Malam Illo ita, tun da ba wanda ya san halinta sai shi. Daga nan rayuwarta ta sauya, ba ta kuwa taɓa nuna ƙyama ba. Kujerar da a da ba a bari ƙura ta sauka a kanta ta ɗauki amare da 'yan rakiya, ta ɗauki maniyyata zuwa Yamai, ta ɗauki buhun wake, sau ɗaya har da maraƙin da ya karye. Ba ta da cin isansi, wato fetur, fiye da ƙima. Ba ta tsoron yashin kwarin dallol. Da safe ba ta tashi sai an lallashe ta, ta yi "ƙiƙiƙi, ƙiƙiƙi" sau biyu, sa'an nan ta saki muryar nan tata mai kauri, "gurrr". In ta doso ƙauye takan yi sallama tun daga nesa, "faa-fuu", mata su bar daka su fito.

Ciwon ajali ya fara ne bara, da zazzaɓi. Famfon da ke zagaya mata da ruwa ya cinye, tana tafiya kaɗan sai jikinta ya ɗauki zafi. An nema a Doso, an nema a Yamai, an aika har Sakkwato, babu. Sai Issa, ma'aikacin gidan waya, ya rubuta wa gidan da aka haife ta wasiƙa a madadin Malam Illo, da gaisuwa irin ta surukai.

Amsa ta zo bayan wata huɗu. Babban maƙerin ya rasu, ƙanen ya sayar da gidan ga wani babban kamfani mai ƙera kamyo, manyan motocin kaya, da motocin noma. Sababbin masu gida sun riƙe sunan, sun daina ƙera kayan irin su Doguwa. Suka haɗo da hoton ƙanwarta, sabuwar motar da suke ƙerawa, ko Malam Illo yana sha'awa. Gajera ce, ja, shafaffiya kamar gwangwanin kifi, babu itace, babu hannu mai fitila, sai haruffa uku a manne. Wani saurayi ba hula yana riƙe da sitiya da hannu ɗaya, budurwa a gefensa, teku a bayansu. Issa ya karanta abin da ke ƙasa: Kai da hanya, ba mai shiga tsakani.

Malam Illo ya daɗe yana kallon hoton. Ya juya bayan takardar, ya sake juyowa.

"Issa," ya ce, "to ina shofer nata?"

"Baba, yanzu mai mota shi ka tuƙa kayanai."

Ya ninke takardar ya ba Issa, ya ce ya riƙe.

Rabo maƙeri, abokin Malam Illo tun na kaciya, shi ya zauna kwana shida ya ƙera mata wani famfon da tagulla da fatar sa. Ya gaya masa gaskiya: za ta yi tafiya, amma duk lokacin da allurar zafi ta hau, dole a tsaya ta huce. Haka aka yi ta jinyarta wata biyar.

Ranar Talatar, Usman makiyayi ya iso a kan raƙumi daga rugarsu ta wajen Dogon Kiriya. Matarsa Altine ta kwana biyu a kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Doguwa ta je lafiya. A hanyar dawowa rana ta take, yashi ya yi wuta, allura ta hau. Malam Illo ya tsaya sau ɗaya, ya juye mata ruwan salkar Usman kaf. Da allurar ta sake hawa, ya waiga baya, ya ga Altine ta daina ko nishi. Ya san abin da Rabo ya faɗa. Ya kuma san in ya tsaya rabin sa'a, gawa zai kai gari. Ya shafa allon gabanta, ya ce, "Yi haƙuri, Doguwa," ya taka.

Ta shigo gari tana hayaƙi kamar bukkar da ta kama, ta kai ƙofar gidan likita, ta yi "tak, tak", ta yi shiru. Injinta ya tsage gida biyu. Altine ta sauka lafiya kafin la'asar, ɗiya mace. Malam Illo yana so a sani cewa bai yi nadama ba, amma shi ya taka, kuma tun ranar abinci bai yi masa daɗi ba.

Marigayiya ta bar mijinta na hanya, Malam Illo. Ta bar tayar safaya ɗaya, da jak, da ƙyallen goge gilashi. Ta bar yara bakwai da aka haifa a kujerarta ko a ƙarshen tafiyarta, da dangi a Turai waɗanda ba su san ta ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Malam Illo kuma ya yarda. Addu'a za a yi wa waɗanda ta ɗauka, rayayyu da matattu. Usman ya ba da bijimai biyu da za su ja ta daga gidan likita zuwa maƙera, a bi da ita ta bakin kasuwa. Ba a bukatar kowa ya tura. Rabo zai fidda garemani da lauje daga jikinta kafin ruwa ya sauka.

Za a karɓi gaisuwa a zauren Malam Illo har Lahadi. Litinin zai hau bayan kamyo ya tafi Geceme wurin ɗiyarsa Ma'u, inda zai zauna. Ya roƙi Rabo abu ɗaya, Rabo kuma ya ɗauka: kada ya ɗaga guduma sai kamyon ya yi nisan da ba a jin ƙarar maƙera.