Ranar da aka kai ni gidan surukai a but

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kai goron neman aurena a Yendi ba.

Ina da wata tsohuwar mota da na sayo a Bawku. Ba ta da laifi sai ɗaya: in aka yi ruwan sama, but ɗinta, wato wurin sa kaya na baya, sai ya koma kududdufi. Ranar Juma'a na ɗauko Kawu Issaka daga Salaga, shi da huhun goro, muka sha ruwa a hanya. Da muka iso na tarar goron ya jiƙe, na kwashe shi na shanya a ɗaki. Ban gaya wa Kawu ba, don kunnensa ya yi nauyi, magana ɗaya sai ka maimaita sau uku.

Da safe na ce yau sai na ga bayan yoyon nan. Na taɓa gani a waya cewa mutum yakan shiga but da tocila, a rufe shi, wani ya riƙa zuba ruwa daga waje, sai ya ga inda robar bakin murfin ta ɓule. (Malamin lissafi ne ni, ko taya ban taɓa canzawa ba.) Na tuɓe ya rage daga ni sai singileti da gajeren wando, na ajiye wayata kada ta jiƙe, na ce wa yayana Sulemana ya rufe ni.

Dabarar ta yi aiki kuwa. Na ga ruwa na tsiyaya ta kusurwar hagu. Sulemana ya ce, "Bokiti ya ƙare, bari in ɗebo a rijiya," ya zagaya bayan gida.

Sai na ji an buɗe ƙofofi, mota ta nutse da nauyin dattawa. Na ji muryar Kawu: "Yaron ya bar mana makulli, goro na but. Bismillah." Aka tayar da mota, aka ƙure wa'azi a rediyo.

Na yi ihu, na doki murfi da hannu da ƙafa. Abin da na ji kawai shi ne wani dattijo yana cewa, "Motar yaron nan ta cika ƙara, a ce ya kai ta gareji." Duk ramin da ke tsakanin gidanmu da na surukai, da kaina na ƙirga shi.

Da muka tsaya aka kashe rediyo, na ji gaisuwa ta ko'ina, sai na yi tsit. (Wai a tunanina in na yi shiru za su fasa buɗewa.) Kawu ya ce, "Malam, ga ɗan abin da muka zo da shi," ya ɗaga murfi.

Malam, mahaifin Rakiya da nake neman aure, na tsaye da rawani, limamai biyu a gefensa, mata sun leƙo ta katanga. Ga ni a naɗe, sharkaf, tocila a kunne tana haska fuskarsa. Ango ba ya ma zuwa wannan zama, balle a haka.

Sai kawai bakina ya ce, "Salamu alaikum, Baba. Na gano inda yake yoyo."

Malam ya dube ni, ya dubi Kawu. "Alhaji, goro muka ce. Wannan ku mayar, ba a gama shanya shi ba."

Liman ɗaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Aka lulluɓe ni da tabarmar salla, Sulemana ya biyo mu da goron a babur.

An ba ni Rakiya dai, amma har yau a unguwarsu Goro ake kirana, har ƙannenta. Robar kuwa, makaniki ya canza ta kafin in gama shan koko.

Har yanzu ina taɓa gyare-gyare a gida. Sai dai kafin in sa hannu a abu, nakan duba in tabbatar ba shi da taya.