Yadda Za Ka Rufe Bakin Masu Cewa Ƙasa Ta Tsiyace

Kai da aka ba kujera a biro, wato ofishin gwamnati, in ana yaƙi kuma talakawa sun fara gunaguni, bi matakan nan. Na lamunce maka, ko dala babu a baitulmali za ka fita da hularka a kai. A wajen Mushe Kyari na koya (Mushe shi ne "Malam" a bakin Faransawa), akawun da aka tura wani ƙauye gefen Gidimuni a shekarar hamsin da tara. Lokacin ana ta cewa an kwashe geron rumbun tsimi an kai wa sojan Faransawa da ke yaƙi a Aljeriya, kuma Faransawa na fita ƙasa za ta karye.

1. Sa tabarau

Ko da idonka garau yake. Ba a katse mai tabarau.

2. Fara da Faransanci

Kyari ya tara mutanen ƙauyen a gaban rumbun, ya yi rabin sa'a yana zuba shi. Babu wanda ya musa, don babu wanda ya ji.

3. Mai da tambaya gaisuwa

Tsohuwa Ramlatu ta miƙe da ƙwarya a hannu ta ce, "Ɗan nan, dami uku na zuba bara. Ga damina ta kawo kai, ba ni da iri. Yana nan kuwa?"

Kyari ya ce, "Haba Inna! Yaya ciwon gwiwa?"

Lura da kyau: amsa ba ta samu ba, amma an gaishe ta.

4. Kawo shaida

Nan gwaninta take. Kyari ɗan birni ne, daga zanen goyo sai lekol, wato makarantar boko, bai taɓa riƙe hauya ba. Ya ɗauki sanda ya maka wa rumbun. Rumbu ya amsa, gum! har bakin tafki.

Ya washe baki. "Kun ji ko? Ƙasar da rumbunta ke wannan ƙara ce za ta tsiyace?"

Wayyo, ni dai tausayinsa ya kama ni. Duk wanda ya taɓa noma ya san in gero ya cika ciki, bugun ba ya tashi. Wani manomi, Nomau, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, don Allah ƙara ɗaya, na baya ba su ji ba."

Ya ƙara, har da gyara tsayuwa.

5. In an yi tsit, ɗauka ka gama da su

Ramlatu ta kifa ƙwaryarta a ka, ta kama hanyar gida.

Sai dai fa in aka jingina maka tsani aka ce hau ka leƙa, babu ruwana, ban ma san ka ba. Kyari dai da aka jingina masa, ya hau da murmushinsa, ya ɗaga murfin. Har aka kira la'asar yana can sama, ya kasa juyowa.