Ɓeran da Ke da Digiri Biyu

Lokacin kullen korona a Sri Petaling, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, ɓera ya gatse mana wayar tarhon da ke kawo intanet, ga matata da jarrabawa jibi. Kamfani suka ce sai an yi haƙuri.

"Kwantar da hankalinki, Maman Hanifa," na ce. "Wayar tarho ba ta ɗauke da wuta. Robar jikinta ado ce kawai."

Na tsuguna, na sa haƙori ina ɓare robar don in haɗa wayar, kamar mai shan rake. Ita kuwa, wai don ta taimaka, sai ta kira lambar gidan ta ji ko layi ya dawo. Ashe idan kira ya shigo, wuta ce ke biyo wayar.

Wallahi ban san ina da irin wannan muryar ba.

Allah ya rufa asiri, harshe ne kawai ya kwana a kumbure. Da mai gyara ya zo, ya duba shatin haƙoran, ya ce da salon maganar mutanen can, "Wannan ɓeran babba ne, lah."

"Digirinsa biyu," in ji matata.

Har yau tarho na yin ƙara za ta ƙwala min kira: "Baban Hanifa, cire bakinka!"