Yadda Za Ki Ɓoye Wa Ɗanki Karyayyar Ƙafa Har Ya Gama Jarrabawa

Ke uwar ɗan makaranta, matso kusa. In kika bi abin da zan faɗa miki, aradu ko ƙafa biyu kika karye ɗanki ba zai ji ba sai ya ajiye biro. Ni Sabuwa ta Bagudo na gwada da ƙafata ta hagu, bayan ɗan kabu-kabu ya zubar da ni cikin rairayi a hanyar Zagga, ni da kwandon kifina. Yaron nan yana jami'a a Sakkwato, jarrabawar fita ta kama, kuma na san halin kayana. Ko atishawa ya ji na yi sai ya watsar da takarda ya nufo tasha, wahalar shekaru ta bi ruwa. Ɗan fari ne, kada ki jira in kama sunansa.

Mataki na 1: Riga shi tambaya

Da ya ce, "Inna, kuna lafiya?" ki ce lafiya lau. Wannan gaisuwa ce, ko a gadon asibiti haka ake amsa ta, babu malamin da zai rubuta miki zunubi. Kafin ya ja numfashi ki rufe shi da naki tambayoyin. Ya ci abinci? Me ya ci? Taliyar leda kuma? Ki ce ya daina ara wa mutane bokitinsa, ya riƙe sallar asuba, ya shanya tawul ɗinsa a rana, ya kiyayi yarinyar da za ta ce ya koya mata lissafi. Mai kare kansa ba ya samun sukunin binciken wani.

Mataki na 2: Toshe bakin maƙwabta

Ki fara da wadda ta fi ƙaunarki, ita ce haɗarin. Tawa Maman Yinka ce mai shago a bakin layinmu, Bayarabiya, zuciyarta fara fat, muryarta kuma har bakin kogin Kwara. Ina tsaka da waya ta faɗo ɗaki da kwanon miya.

"Hee, Maman Aliru! Ƙafa fa, ya yi sauƙi?"

Yaro ya ce, "Inna, wace ƙafa?"

Na ce ƙafar saniya ce na ba ta sautu, ta tafi tun safe sai yanzu. Na harare ta har ta kama bakinta da hannu biyu ta fita da baya.

Mataki na 3: Kada ki yarda da wayar ganin fuska

Yaran yanzu sai sun ga mutum. Ki ce sabis ɗinmu ya tsallaka Benin, bai dawo ba tukuna. Mu mutanen bakin iyaka Allah ya hore mana wannan uzuri, kada ki bar shi ya lalace a banza. In kuma ƙafar ta soka har "wash!" ya kuɓuce miki, ki ce akuya ce ta shiga rumbu.

Mataki na 4: Cika masa kunne da labari

Nan ne gwaninta take. Mace mai karaya ba ta zuwa ko'ina, amma duniya ce ke zuwa wurinta. Masu dubiya za su cika miki ɗaki, kowa da ƙunshin labarinsa, ke kuma ki juye wa yaro da zafinsa. Na ba shi labarin shinkafar fadama da tsuntsaye suka sa wa ido. Na faɗa masa ladan ya yi sabon haƙori. Gwaggonsa Mariya ta Dole Kaina ta ce jakinsu ya bi wata jaka ya ƙetare iyaka, an dawo da shi ya daina jin Hausa. Kawunsa Namadi, da ke zaune can cikin Benin, ya kawo mana gari, ya ce ya bar shan taba, alhali warinta ya riga shi sallama. Yaro yana ta dariya, ni ina jin daɗi ƙafa tana zogi.

Mataki na 5: San inda za ki tsaya

Wannan matakin ki yi abin da na ce, kada ki yi abin da na yi. Daɗin baki ya ɗebe ni, ana jibi takardarsa ta ƙarshe na ƙara masa da cewa Gwaggo ta kwana, har ta yi mana tuwo. Sai na ji dariyar ta ɗauke.

"Inna, Gwaggo Mariya tsoron ruwa take yi. Ba ta shiga jirgi sai suna, ko rasuwa, ko dubiya. Ga Kawu ma ya zo. Gidanmu babu mai ciki." Ya ƙara da cewa, "Wa ya rasu, ko wa ke kwance?"

Kin ji sharrin boko! Na tura shi ya koyo lissafi, ya zo ya lissafa ni.

Mataki na 6: In asiri ya tonu, ajiye dabara

Ya ce gobe da sassafe yana tasha. Wallahi sai da na ji tsoron da ban ji ba ranar da nake kwance cikin rairayi. Nan babu sauran akuya, babu sabis ɗin Benin. Na faɗa masa komai tiryan-tiryan: ni ce, ƙafar hagu ce, maɗori ya ɗaure, ina cin tuwo, ina faɗa da kowa kamar kullum.

Na ce, "In ka zo me za ka yi? Kai maɗori ne? Ƙashi zai haɗe ko kana nan ko ba ka nan, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa. Ina son ganinka, ban taɓa faɗa maka ba sai yau. Amma ka zauna ka rubuta, sannan ka zo."

Can ya ce, "To, Inna." Ya zauna, ya rubuta.

Hattara

Wadda ta bi matakan nan ɗanta ya gano ta, kada ta aiko mini da ƙorafi, ita ta haifi mai wayo. Babu ruwana da fushinsa, babu ruwana da kiran safe da yamma da zai addabe ki da shi. Kuma ban ɗauki alhakin abin kunyar da zai yi miki ranar da ya iso ba. Nawa ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ɗaki cike da mata, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya zauna bakin tabarma ya ɗauki ƙafar nan da karan ɗorinta ya ɗora bisa cinyarsa. Ɗan fari fa, gaban Gwaggonsa! Na kau da kai na ce ya sauke, mutane na kallo. Bai sauke ba, ni kuma ban sake cewa ba.