Jinin Kawu da jinin kaza

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, shekara biyu da samun mulkin kai, ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, a wani asibiti a Yamai. An haɗa ni da lokotoron jini da ciwon daji, mutumin Dogonduci, mai tsananin shiru. Ni kuwa ban yarda da mai shiru ba.

Kullum sai ya ɗibi jinin marasa lafiya, ya shafa a ƴan gilasai, ya kulle a akwati. Duk ran Alhamis sai ya kai akwatin jirgin saman Dakar da kansa. A kasuwa an ce Turawa yake sayar wa, na kuma gaskata (ni da takardar shaidata a aljihu).

Ana haka aka kwantar da kawuna, wuyansa a kumbure, zazzaɓi ya ƙi sauka. Lokotoro ya ce ba zai fara magani ba sai Dakar ta tantance ciwon. Ya ɗibi jinin, ya ba ni in shafa. Na ce a raina, ban da na Kawu. Na sayo kaza, na yanka bayan ɗakin wanki, na shafa nata.

Ashe yakan leƙa kowane gilashi a madubinsa na ganin ƙwayoyin jini kafin ya kulle akwati. Ya leƙa, ya daɗe, sannan ya kira ni bakin gadon Kawu, gaban dukan ma'aikata.

"Anfirme, kawunka yana yin ƙwai?"

Sai ya ƙara da cewa:

"Ƙwayar jinin tsuntsu tana da ɗigo a tsakiya, ta mutum babu. Dakar nake aikawa don ba mu da kayan auna shi a nan. Da ka tambaye ni."

Kafin a sake ɗiba a shirya, jirgi ya tashi. Kawu ya ƙara kwana bakwai cikin zazzaɓi ba magani, ina zaune gefensa, kunya da tsoro suna cina. Bai zage ni ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ina naman.

Allah ya sa maganin ya karɓe shi. Amma har ya bar duniya, duk ran da na ziyarce shi sai ya nuna kaza, ya ce wa matarsa, "A yanka masa ƴar'uwata."

Tun daga nan, in zargi ya taso mini, tambaya nake yi kafin in nufi wurin masu kaji.