Wandon Zaman Lafiyar Duniya

A kashe rediyo, a gyara zama! Ga Tela Uban Duniya nan, mai keke ɗaya da tunani dubu, gwarzon da ya je taron zaman lafiya na kwana biyu a otal ya dawo da kati rataye a wuya. Wata uku ke nan, ko wanka da shi yake shiga.

A can ne ilimi ya faɗo masa a ka, tim, kamar ƙadangare daga rufi. Yana dawowa ya wurga tef ɗin awo a kwata.

"Awo shi ne uwar yaƙi!" in ji shi, a tsaye kan kujera a ƙofar shago. "Wane dogo, wane ƙato, wane tsigi, daga nan aka fara raba ɗan Adam. Daga yau awo ɗaya zan ɗinka wa kowa!"

Kuma wallahi abin ya yi aiki. Mahauci ya cusa kansa a sabuwar riga, hannu ya ƙi ɗaguwa, ya daina nuna wa mutane wuƙa. Malamin makaranta, dogo kamar falwaya, ya fito ƙwauri a waje, kunya ta hana shi tsayawa musu. Layi ya yi tsit. Wa ya taɓa sasanta duniya da zare?

Sai ga Gajere, ƙanin matar Tela. Shekara biyu yana neman aiki, takalmi ya ƙare. Yau ƙarfe goma wani kamfani zai gwada shi tuƙi, an ce a zo tsaf-tsaf. Yadin da ya kawo a ɗinka masa wando kuwa, daga shi ba wani.

Ya zura wandon. Ƙafafunsa suka ɓace. Taku ɗaya, taku biyu, sai ga shi rungume da keken ɗinki.

"Yaya, da me zan taka birki?"

"Da zuciya ɗaya! Kai matsalarka son kai. Muna ɗinke duniya, kana zancen birki?"

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Gajere ya dubi agogon bango, tara da kwata. Ya dubi Tela daga sama har ƙasa: wandonsa ya zauna daram, ya tsaya cak a idon sawu.

"Wai shi awon nan na duniya, a jikin wa aka ɗauka?"

Tela ya gyara katin wuyansa, ya yi murmushin manya.

"Ai dole a sami abin misali. Na duba gabas, na duba yamma, da na duba madubi sai na ga ashe an riga an gama aikin. Ba yabon kai ba ne, ƙanena. Ku ne kuka kauce, wasu suka zarce, wasu suka gaza. Ka daure, jikokinka za su gode mini."

Gajere ya zauna a benci, ya jawo rarar ƙafar wandon ya shimfiɗa a gwiwa.

"Allah ya ba duniya lafiya," ya ce. "Miƙo almakashi."