Ranar da Ankonmu Ya Zama Labulen Inna

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na naɗa kaina shugabar anko ba. Ko na so mantawa ma ba hali, don hoton yana nan rataye a falon Inna a Shagari, kuma duk baƙon da ya shiga sai an ce ya nemo ni a ciki.

Inna mahaifiyarmu ce, mu shida ta haifa. Tun rasuwar Baba ba mu sake haɗuwa a wuri ɗaya ba, wannan yana can wurin aiki, waccan tana gidan aure. Da aka ce babban wanmu Yaya Bello zai zo gida Sallah da iyalinsa, sai Inna ta yi wata magana da ta taɓa mu duka. Ta ce Baba ya tafi ba ta da hotonsa sai ɗan mitsitsin nan na jikin katin shaida, ba ta so ita ma ta tafi haka. Hoto ɗaya take so, ita a tsakiya, 'ya'ya da jikoki kewaye da ita. Iyakar abin da baiwar Allah ta roƙa ke nan. Ba ta ce anko ba, ba ta ce kala ba. Ni na ce.

Ni malamar firamare ce a Boɗinga, na saba in ce a yi layi kuma a yi. (Maigidana yana cewa ko miya nake kaɗawa kamar ina jiran ta amsa "na'am, Malama".) Ranar da maganar hoto ta fito na buɗe mana guruf a waya, na sa kaina shugaba, na rubuta dokoki. Daga nan na tafi kasuwa Sakkwato na yi yini guda ina ɗaga atamfa ina ajiyewa, har na samu wadda ta kwanta mini: koriya shar, da manyan furanni ruwan lemo, kowane fure ya kai faifai. A idona a lokacin ba a taɓa buga atamfa irinta ba.

Sati bakwai na yi ina fama da mutanen nan, kuma wallahi na ga halin 'yan uwa. Ƙanwata Hadiza ta ce ita leshi take so, atamfa ta 'yan aiki ce. Matar Yaya ta ce kore ba ya karɓar fatarta, kamar ni na zaɓa mata fatar. Wata ta turo hoton ɗinki mai hannu kamar fukafukin jemage, na ce ba a gidanmu ba. Shi kuwa Yaya Bello cewa ya yi shi namiji ne, farar shadda zai sa, ba zai ɗinka jamfar atamfa ya koma kamar makaɗin biki ba. Na bi shi da saƙon murya safe da yamma, wani har minti tara, sai da ya gaji ya ce ya ji, ya yarda, in dai zan bar wayarsa ta huta. Na ji daɗin wannan nasara ƙwarai, har na ba malaman makarantarmu labari.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin guruf, ita ce Inna, don wayarta ta kira da amsawa ce kawai. Da na gama rabon atamfa sai turmi uku suka rage. A lissafina ɗaya nata ne, biyu kuma a ajiye a gida ko da wani tela ya ɓata wa wani ɗinki. Akwai maƙwabcinmu Malam Umaru, ma'aikacin lafiya ne a Lambara, kullum yana bi ta Shagari a babur. Na ɗaure duka ukun a leda na miƙa masa, na ce ya ba Inna. Ya tsaya yana jiran sauran saƙo, na ce ai ta sani. Ban san ta inda nake zaton za ta sani ba. Daga Boɗinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce, amma cikin satin bakwai ɗin nan ban taka ba ko sau ɗaya. Ina can ina yaƙi a kan faɗin hannun riga.

Washegarin Sallah aka sa za a ɗauki hoton da hantsi, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ni da na rubuta cewa duk wanda ya makara za a ɗauka ba shi, ni ce na makara, saboda ɗaurin ɗankwalina ya ƙi zama. Kafin mu isa hadari ya haɗu, muna sauka ruwa ya ɓarke. Kowa ya gudu falon Inna, har da mai hoton da aka ɗauko daga cikin gari, yana rungume da jakarsa.

Na yi sallama na shiga, sai na tsaya cak. Labulen taga atamfata ne. Labulen ƙofar uwar ɗaka atamfata ne. Kujeru uku an yi musu riguna da ita, har da 'yar tattara a ƙasa. Ko talabijin bai tsira ba, an yi masa hula. Su kuma 'yan uwana suna zaune a kan kujerun cikin ankonsu, sun saje da su, sai da Hadiza ta motsa na gane akwai mutum a wurin. Tana ta cizon leɓe, kafaɗunta na rawa, kuma wannan ne ya ƙarasa ni. Na yanke hukunci nan take cewa aikinta ne, ta rama abin leshi.

Ban gaishe da kowa ba. Na ajiye jaka na buɗe murya irin wadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Na ce sati bakwai ina wahala an mayar da ni abin dariya. Yaya Bello yana ta yi mini alama da hannu in yi shiru, na ɗauka tsoro ne ya kama shi, na ƙara ƙaimi. Sannan na faɗi maganar da har gobe in na tuna sai na rufe fuska:

"Ni dai a nuna mini baƙauyiyar da ba ta san bambancin kayan sawa da na kujera ba."

Labulen uwar ɗaka ya ɗaga, Inna ta fito. Tana sanye da baƙin saƙinta, zanen da Baba ya sayo mata tun muna ƙanana, wanda ba ta fitar da shi daga adaka sai babbar rana. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi.

"Ga ta nan gabanki, Malama," ta ce. "Ni ta. Ni nis sa anka yanka kayan."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban ko waiwayo ba. Na durƙusa. Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce da ta kwance leda ta ga turmi uku masu ihu haka, ba saƙo ba bayani, ta san dai 'yar da ke da hankali ba za ta aiko wa tsohuwa wannan ta ɗaura ba. Sai ta yi tunanin na lura ɗakinta ya tsufa ga baƙi na tafe, shi ya sa na aiko a gyara. Ta yi murna, ta kira tela har gida, kuma ba maƙwabciyar da ba ta jawo ta nuna wa aikin da 'yarta malama ta yi mata ba. Nan ne na ji hawaye sun zubo, don na gane abin da take alfahari da ni a kansa ban ma yi shi ba.

"Kin yi magana da kowa cikin waya," ta ce, "ni ba ki zo kin tambaye ni mi ni ka son sawa ba. Shagari Makka ta, da ba a zuwa sai da jirgi?"

Ba wanda ya yi dariya, har Hadiza. Na ce ta yafe mini, na sake cewa, na kuma. Ta bar ni a durƙushe har sai da gwiwoyina suka san sun yi laifi, sannan ta miƙo hannu ta gyara mini ɗankwalin da na ɓata awa guda a kansa, ta ce ya karkace, in tashi kar in ɓata wa mai hoto lokaci.

Ruwa bai tsaya ba, dole a falon aka ɗauka. Mai hoto ya jera mu gaban labule, ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Cikin ladabi ya ce mu ɗan matso gaba, ba ya ganin inda muka ƙare da inda labule ya fara. Muka matso, bai canza komai ba. Haka hoton ya fito: kawuna birjik suna shawagi cikin furanni ruwan lemo, Yaya Bello ya haɗe rai, ni a gefe da jajayen idanu. A tsakiya kuwa ga Inna cikin baƙin saƙinta, ita kaɗai ce ta fito mutum cikakke daga kai har ƙafa. Duk wanda ya kalla ita yake fara gani, kuma abin da ya kamata ke nan tun farko. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, ta ce ya yi, na Baba ne kawai babu.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Yanzu ko zare zan saya da sunan gidanmu, sai na hau mota na je Shagari na zauna a tabarma na tambaya tukuna. Rigar ankon kuwa ban sake sa ta ba. Bayan sati biyu na ninke ta na kai wa Inna da hannuna, wannan karon da cikakken bayani, na ce na ga matasan kanta biyu ba su samu riga ba. Ta juya ta, ta duba ɗinkin, ta ce yadin zai isa.